'Ya'yan Sama'ila Goma a Bakin Ruwa

Sama'ila ɗan gwaggona ne, ni 'yar kawunsa, saboda haka tun muna yawo ba takalmi a Argungu nake da ikon in faɗa masa abin da na ga dama, shi kuma ya yi dariya ya wuce. Da wannan ikon na taubasantaka zan ba da labarinsa. Idan ya ji haushi ya zo unguwar Gesse a Birnin Kebbi ya same ni, ya san gidan Laure.

Dogo ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Ban taɓa ganin ya fara sa hannu a akushi ba, ko da kuwa shi kaɗai aka kawo wa abincin. Duk inda aka ambaci sunansa sai ka ji ana cewa, ai Malam Sama'ila akwai ladabi. Ni kuwa ladabin nan nasa ya fi komai ci mini rai, kuma zan faɗi dalili.

Abu ɗaya ya so a rayuwarsa: ya yi karatu mai zurfi a kan kwamfuta. Bai nemi mota ba, bai nemi kujerar kowa ba. Burinsa ya zauna a aji gaban waɗanda suka san abin da gaske, ya yi tambaya a ba shi amsa. Sau biyu damar ta zo har gabansa.

Gidansu gidan masunta ne. Mahaifinsa, Baba Hodi, da homa, ragar kamun kifi ta hannu, da gora ya ciyar da iyalinsa har ya tsufa. A wajenmu idan ruwan damina ya janye ya bar gurabe masu zurfi, kulle su ake yi, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe. Ranar kuwa maza za su jeru a gaɓa, kowa da homarsa a hannu, kifi yana ta wulgawa a gabansu, amma ba wanda zai jiƙa ko ɗan yatsan ƙafa sai an ce a shiga. Haka muka tashi muka tarar.

Sama'ila yana da wa, sunansa Tamba, wanda duk unguwar ba mai iyonsa, kuma ba mai zafin kansa. Wata shekara, ruwa yana kulle, Tamba ya hangi wata ƙatuwar giwan ruwa tana juyi a gurbi. Ya bari rana ta take, gaɓa ba kowa, ya faɗa shi kaɗai. Homarsa ta sarƙe a saiwar wata bishiya da ruwa ya shanye, igiyar kuma tana ɗaure a hannunsa. Sai washegari aka fito da shi.

Da aka dawo daga maƙabarta, Baba Hodi bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya jawo Sama'ila, wanda a lokacin ko gemu bai fara ba, ya riƙe kafaɗarsa.

"Ka ga yayanka?" in ji shi. "Ba ruwa yac ci shi ba, gaggawa ta. Dut inda kat tahi cikin duniyag ga, kak ka shiga sai an ce ka shiga."

Ina tsaye a zaure na ji. Tsoho ne da aka ƙona wa zuciya, ban ga laifinsa ba, har yau ma ban gani ba. Amma maganar ta shiga kan yaron nan ta zauna daram. Bai ƙara taka ruwa ba, ya riƙe boko hannu biyu.

Shekarar da aka ba mu jiha, Birnin Kebbi ta cika da ofisoshi masu tebur da kujera amma ba mai buga takarda. Sama'ila ya zo da takardar sakandarensa ya koyi tafireta, ya yi difloma da yamma, daga baya wata kwalejin gwamnati ta ɗauke shi mai kula da ɗakin kwamfuta. Aikinsa ya buɗe ɗaki, ya yaye mayafan injuna, ya ta da janareta, ya hana ɗalibai cin gyaɗa a kan madannai. Wani ɗan bautar ƙasa ya tafi ya bar masa littattafai biyu na koyon rubuta furogiram, duk bangonsu ya yage. Da su ya koya wa kansa. Idan ya zo gidanmu cin tuwo, sai ka ga yana zana wasu alamomi da yatsa a kan tabarma, miya tana hucewa.

"Kai dai aljanun injin ga sun shige ka," nakan ce masa. "Ko mu kai ka a yi maka ruƙiyya?"

"Bari dai, Laure," in ji shi. "Abin daɗi garai."

Ya auri Baiwa, yarinya mai haƙuri daga Augie, suka haifi yara uku a ɗaki biyu na haya. Shekaru suka yi ta wucewa. Yaran da ya koya wa riƙe linzamin kwamfuta suka je jami'a suka dawo malamai a kansa, yana gaishe su a duƙe.

Bayan shekarar dubu biyu da 'yan kai, mijina Sunusi ya buɗe shagon intanet a Gesse, da ƙaton farantin kamo intanet a kan rufi. Ni ke zama a kan kantar karɓar kuɗi. Cikin masu zuwa kullum akwai Malam Nasrullahi, matashin malami a kwalejin su Sama'ila, ɗan gidan malamai na cikin gari, mai kaifin kai da saurin baki. Shi ya tsinto labarin gasar, ya buga shi a takarda, ya aika aka kira Sama'ila.

Wata jami'a ce a Turai take shirya ta duk shekara, kuma daga ko'ina ana iya shiga ta intanet. Kowace ƙungiya za ta rubuta ƙananan furogiram guda goma, kowanne mai cin gashin kansa, waɗanda ake kira wakilai. Za a zuba su a wani fili da aka zana a kwamfuta, gida-gida kamar allon dara, tare da goman abokan hamayya. A filin akwai wasu ɗigo-ɗigo masu gudu, su ake so a kewaye a koro gida. Kowane wakili abin da ke kusa da shi kawai yake gani, sai dai ya aika wa 'yan'uwansa saƙo. Wanda abokan hamayya suka tare ta kowane gefe, bakinsa ya rufe, ba ya iya aika komai sai an sake shi. Da zarar an fara wasa kuwa, ba ɗan'adam ɗin da zai taɓa madanni. Abin da ka koya musu tun farko, da shi za su ci ko su faɗi.

Ƙungiyoyi biyu da suka kai wasan ƙarshe, jami'ar za ta ɗauki mutanensu karatun shekara biyu kyauta, ba ruwanta da irin takardar da mutum yake da ita, muddin bai kai shekara talatin da biyar ba. Sama'ila ya karanta wannan layin, ya sake karantawa, ya lissafa da yatsunsa. Gasa biyu suka rage masa, ta bana da ta baɗi.

Suka raba aiki. Nasrullahi ya ɗauki Turancin da haɗa injinmu da na masu gasar, Sama'ila ya ɗauki koya wa wakilan hali. Tun ranar ya fara kiransu ɗiyansa. Gwajin farko da suka yi a shagonmu, na yi dariya har da riƙe ciki. Goman nan duk suka bi ɗigo ɗaya a guje, suna karo da juna, biyu suka maƙale a lungu suna ta juyi.

"Waɗanga ɗiyan naka ba su da tarbiyya," na ce. "Sun biyo dangin uwa."

Ya yi makonni yana fama, har wani bikin suna ya kai shi Argungu. A can ya tsaya a gaɓa yana kallon mutane suna jan taru, doguwar ragar nan da ba ta jawuwa sai da jama'a, kowa riƙe da nasa gefen, babba ɗaya yana ba da murya. Ya dawo Birnin Kebbi ko gida bai biya ba, ya wuce ɗakin kwamfuta.

Cikin goman ya ware ɗaya ya sa masa suna Sarki. Shi ba ya bin ɗigo. Yana hawa can gefen fili ya zauna, sauran taran su yi ta aiko masa da abin da suka gani, shi ya haɗa hoton duka a kansa. Taran za su jeru a bakin fili su lanƙwashe kamar baka, kowanne ya aika tambaya, sai Sarki ya ga ɗigon sun taru inda yake so, sannan ya ba da izini su rufe a tare. Da Hausa ya rubuta saƙonnin, suna fitowa a wani ɗan akwati a gefen allo. Wakili ya ce, "A shiga?" Sarki ya ce, "Dakata." Can sai ya ce, "Ku shiga," ka ga bakan ya naɗe ya kwashe komai. Wallahi abin yana da kyan kallo, ni da ban san komai a kai ba na san haka.

Ana saura 'yan kwanaki a fara, na ji su suna gardama a injin da ke kusa da kanta.

"Malam Sama'ila," in ji Nasrullahi, "in anka tare Sarki hwa? Bakinai ya ruhe, mi za su yi?"

"Su jira."

"Su jira har yaushe? Mu sa masu cewa in sunka tambaya sau kaza ba amsa, kowa shi yi abin da yag ga ya dace. Layi nawa na? Yau ɗin ga sai mu gama."

"A'a, Malam. In ka buɗe wagga ƙohwa, wata rana saƙo ya ɗan yi jinkiri, sai ɗaya shi hwaɗa shi kaɗai, tarun shi yage. Ɗiyana ba su shiga sai an ce su shiga."

"Amma dokar gasar ta hwaɗi a fili..."

"Na san abin da nika yi," in ji Sama'ila. Ban taɓa jin muryarsa ta yi tauri haka ba.

Nasrullahi ya fi Sama'ila takarda, ya fi shi muƙami, kuma shi ke da gaskiya. Amma Sama'ila ya girme shi da shekara kusan goma, shi kuma a gidan da ya tashi ba a ja da babba sau uku. Ya ce, "To, Malam, Allah shi sa haka ya fi alheri." Sai ga mai ladabi ya haɗu da mai ladabi, gaskiya ta rasa mai tsaya mata.

Aka fara gasa. Da rana ake bugawa, mu kan ta da janareta tun kafin lokaci don kada a ɗauke wuta a tsakiya. Wasan farko suka ci, na biyu suka ci, na uku aka cinye su da kaɗan, na huɗu suka sake ci. Labari ya bazu a Gesse cewa wasu 'yan Kabi suna kokawa da Turawa a cikin kwamfuta. Shagonmu ya riƙa cika da 'yan kabu-kabu da masu shaguna na kusa, waɗanda ba su san ko mene ne furogiram ba, amma sun gane koren ɗigo namu ne, ja na abokan gaba. Duk sanda akwatin nan ya nuna "Ku shiga," sai shago ya ɗauka baki ɗaya. Mai tsiren bakin titi har ya fara kiran kansa kawun Sarki.

Suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Wanda ya ci wannan ya samu karatun. Baiwa ta zo da goyonta ta zauna kusa da ni a bayan kanta, Sama'ila ya sa farar rigarsa ta Juma'a.

Abokan karawar ɗaliban wata jami'a ne daga gabashin Turai. Ashe su ma ba barci suke yi ba. Duk wasan da aka buga ana ajiye hotonsa kowa ya kalla, sun zauna sun kalli namu, sun lura akwai kore ɗaya da ba ya motsi, kuma sauran ba sa motsi sai bayan ya yi magana. Ana farawa, jajaye huɗu suka bar ɗigon da ake nema, suka miƙe kai tsaye gefen fili. Kafin mu gane me ke faruwa sun sa Sarki a tsakiya, gaba da baya, dama da hagu.

Taran suka jeru a bakin fili yadda aka koya musu, suka yi bakansu mai kyau. Na farko ya ce, "A shiga?" Na biyu ya ce, "A shiga?" Haka har na tara, sannan na farko ya sake. Ba amsa. Jajaye shida da suka rage suka shiga kora a tsanake, suna wucewa ta gaban hancin namu. Wani ɗigo ma ya zo ya tsaya daidai gaban kore na uku, taku ɗaya ya rage ya kama shi. Bai motsa ba.

"Ku shiga mana!" in ji wani ɗan kabu-kabu, yana dukan tebur. "Malam, ce masu su shiga!"

"Ba a taɓawa," in ji Nasrullahi, kansa a ƙasa.

Akwatin nan ya yi ta cika yana gangarawa, tambaya ɗaya layi bayan layi. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa yana kauce wa idon Sama'ila. Shi kuwa ya zauna hannayensa a kan cinya, yana kallo har aka tashi. Ko ɗigo ɗaya ba mu kai gida ba.

Na ji tausayinsa, amma haushi ya fi yawa, kuma ni ba na iya haɗiye haushi. Da shago ya watse na ce masa, "An hwaɗa maka! Yaron ga ya hwaɗa maka da bakinai, ina ji. Ka ɗauki tsoronka ka ɗura wa injin da bai san Tamba ba, bai san gurbi ba. Su mi ruwa za ya yi masu?"

Baiwa ta taɓa hannuna. Sama'ila ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun yi ja.

"Sun yi abin da nac ce su yi," in ji shi. "Ko ɗaya bai saɓa ba."

Ya tashi ya ba Nasrullahi haƙuri, ya ce shi ya jawo masa. Nasrullahi ya ce ba komai, kuma a gare shi ba komai ɗin ne, don kafin shekara ta zagayo ya samu aiki a Abuja ya tafi. Yaro ne, duniya tana gabansa.

Na ɗauka shi ke nan, Sama'ila ya haƙura. Ashe ban gama saninsa ba. Ya koma ɗakin kwamfutarsa, a kan wani tsohon inji na lungu da ɗalibai suka raina, ya warware aikin gaba ɗaya ya sake ɗinkawa. Duk lokacin da ba aji yana kai. Ya koyi ɓangaren Nasrullahi da ƙamus a gefe. Ya rame, Baiwa ta kawo ƙararsa wajena cewa ko a gida jikinsa ne kawai ke nan. Abin da ya fi ba shi wuya ba lissafin ba ne. Wata rana yana cin tuwo a gidanmu ya ajiye loma ya ce, "Laure, yau na rubuta masu cewa in ba a amsa ba su shiga. Sai nij ji awa na yi ma Baba rashin kunya."

"Baba masunci na," na ce. "Bai ce ka kai maganatai cikin kwamfuta ba. Ci tuwonka."

Da damina ta kusa ƙarewa ya kira ni kwalejin in gani. Ya zuba goman a fili, ya sa hannu ya rufe bakin Sarki da kansa. Taran suka tambaya, suka sake tambaya. Sai na biyu ya karɓi sarautar ya ba da izini. Ya rufe bakin na biyun, na uku ya karɓa. Ya rufe bakinsu duka, sai kowanne ya dubi na kusa da shi, suka shiga bibbiyu suna kora. Na rangaɗa guɗa a ɗakin gwamnati, har masinja ya leƙo. Sama'ila yana ta murmushi yana cewa in yi a hankali. Ranar na yarda ɗan gwaggona zai hau jirgi.

Gasar tana saura 'yan makonni gwamnati ta aiko wa kwalejin sababbin kwamfutoci. Mota ta zo da su da safe, tare da umarnin cewa a goge duk abin da ke cikin tsofaffin a loda su a motar a ranar, za a rarraba wa makarantun sakandare. Wa zai goge? Mai kula da ɗaki.

A bangon ɗakin nan akwai wata doka da shugaban sashe ya kafa tun zamanin da ƙwayar cuta ta taɓa cinye musu injuna: ba mai sa diski a injin kwaleji, ba mai kwafar komai daga ciki, sai da izininsa. Sama'ila ne mai tsaron dokar. Ya ƙwace diskin ɗalibai ba adadi, ya hana har malamai. A gasar farko Nasrullahi ne ya kwafo aikin a diskinsa ya kawo shagonmu, bai tambayi kowa ba. Sabon aikin kuwa, na shekara guda cur, a injin lungun nan kaɗai yake, Sama'ila yana jiran ya kammala gyara na ƙarshe sannan ya nemi izini.

Shugaban sashe yana taro a Kaduna. Sama'ila ya ari wayar hannu ya kira, ba ta shiga. Ya je wajen mataimakinsa, aka ce ya tafi ta'aziyya Jega. Ya dawo ya fara goge sauran injunan ɗaya bayan ɗaya, ya bar na lungu a ƙarshe, yana fita yana sake gwada waya. Direban motar yana ta danna oda, yana cewa shi fa yana da nisa. Akwai sabon diski a aljihun rigar Sama'ila, shi da bakinsa ya gaya mini. Ɗakin ba kowa sai shi. Lokacin da bai fi na shan kofin shayi ba ya isa a kwafe aikin.

Da la'asar ya goge injin, ya ɗauke shi da hannunsa ya sa a mota.

Ya zo gidanmu ya gaya mini a tsaye, da irin muryar da ake ba da labarin farashin albasa. Na zauna a ƙasa. Na ce ya sake rubutawa, ya ce aikin shekara ba ya rubutuwa a mako uku. Na ce tsohon fa, na shagonmu? Ya tuna mini tsawar da ta ƙone mana injuna a farkon damina. Na zage shi, na zagi kwalejin, na zagi motar da direbanta. Na ce wanda ya koya wa inji ya shiga in ba a amsa ba, shi ya kasa koya wa kansa?

Ban huce ba. Da na ji shugaban sashe ya dawo, na yafa mayafina na tasa Sama'ila a gaba har ofishinsa. Na tanadi maganganu tun daga gida, na shirya in ga wani mai girman kai in sauke masa su duka. Sai na tarar da dattijo mai fara'a, ya ba mu kujera, ya aika a kawo mana ruwan sanyi, ya tambayi yara. Sama'ila ya cire hularsa ya riƙe, ya ba da labarin a taƙaice, har yana neman afuwar kiran da ya yi ta yi.

Mutumin ya riƙe baki.

"Haba, Malam Sama'ila! Don wannan? Ai da ka kwafi abinka kawai. Wa zai tambaye ka? Dokar nan don yara na kafa ta, ni har na manta tana bangon."

Duk abin da na tanada ya tashi a banza. Da ya yi mana tsawa, da ya ce doka doka ce, da na samu inda zan sauke. Na waiwaya na dubi Sama'ila. Murmushi yake yi, irin wanda ake yi idan babba ya yi magana, amma hular da ke hannunsa ya murɗe ta har zaren ɗinkin ya fara tsinkewa.

"Kada ka damu," in ji shugaban, yana duba wasu takardu a gabansa. "Ga sababbin injuna nan, sun fi waɗancan sauri. Ka zauna a tsanake ka sake rubutawa, sai ka shiga ta baɗi."

Kafin ta baɗi Sama'ila zai cika talatin da biyar. Na jira ya faɗa. Na zuba masa ido, har na taka ƙafarsa a ƙarƙashin tebur don ya faɗa.

Ya miƙe, ya mayar da murɗaɗɗiyar hularsa kansa, ya ɗan duƙa.

"Allah shi kai mu, ranka shi daɗe," in ji shi.